Baƙin Yashi a Cikin Mita

Gangare, Jos.

Zuwa ga Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Fatakwal lafiya, jirgi bai wahalar da kai ba, ba abin da ya ɓace maka a Kafanchan wajen canji. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin aikin nan, amin.

In kana karanta wannan, to ka riga ka buɗe akwatinka ka ga abin da ke naɗe cikin bargo. E, mitata ce ta auna wuta. Kada ka ga laifin Innarka, ni na sa ta cusa ta a ƙasan kayanka. Shekaranjiya da muna cin tuwo na turo maka ita a gaban kowa, ka ce, "Baba, bar abarka. Ka manta hannuna ɓarna yake yi?" Ka yi dariya, ƙannenka suka yi dariya, ni ma na yi. Amma ban ƙarasa tuwon ba. Shekara tara ke nan rabonka da taɓa mitar nan, kuma na san dalili, kai ma ka sani. Akwai maganar da na riƙe tun lokacin, kuma don ita na zauna rubutu. In ban faɗa ba za ka mayar mini da mitar ta hannun direba na farko da ka samu. Sai dai ka san halina, ba na shiga magana ta ƙofar gaba. Ka yi haƙuri ka bi ni a hankali, za mu iso.

Da farko dai bari in yi murnata. Ni Garba Mai Rediyo, wanda ya bar sakandare a aji uku, yau ɗana aka ɗauka aka ce ga ɗakin na'urorin gwaji, kai ne mai kula da shi. Sikof, na'urar nan mai nuna motsin wuta a gilashi, har guda shida ka ce! Ni guda ɗaya na mallaka a duniya, shi ma na hannu ne, sai da na yi shekara goma sha ɗaya a sana'a kafin in ga koren layin nan yana rawa a shagona. Tun ran da takardarka ta zo ba wanda ya huta a Gangare. Mai shayin bakin layi har cewa ya yi, "Alhaji, mun ji, wallahi mun ji. Ko kofin nan ka tambaya zai gaya maka Fatakwal za shi." Na ce ƙara mini madara, ai ban fara ba ma.

Na san a makarantarku an koya maka lissafin da ni ko sunansa ban sani ba. Ba zan ja da kai a nan ba. Amma akwai abin da ba a ba da satifiket a kansa, shi ne tsumma da burushi. Duk abin da kake gyarawa, na'urar gwaji ce take gaya maka ciwonsa. In ita kanta ba ta da lafiya, ƙarya za ta yi maka, kuma da fuskar gaskiya, kai kuwa ka ɗauki ƙaryar ka kai wa mutane da bakinka. Ni na sha yin haka kafin in yi hankali.

Ka san Oga Dung, ubangidana da ya koya mini aiki, wanda kuke kai wa naman Sallah. Watana na biyu a shagonsa na ga gilashin mitarsa ya yi dauɗa, na ce bari in burge shi. Na samo fetur a murfin kwalba na goge fuskar tas. Minti biyu ba a yi ba ta yi fari fat kamar an shafa mata koko. Ashe ba gilashi ba ne, roba ce, fetur ya cinye ta. Oga ya shigo ya ɗaga mitar ya juya ta, ya dube ni, ya ce, "Garba, wannan mita shi ya yi maka laifi ne, ko iyayensa?" Bai doke ni ba. Abin da ya yi ya fi duka. Wata uku duk wanda ya shigo shago sai ya nuna masa ya ce, "Ka ga aikin injiniya na." Don haka, fetur, kananzir, da duk wani abu mai warin da ke hawa kai, kada su kusanci fuskar na'ura. Tsumma mai laushi, ruwa kaɗan da ɗigon sabulu, ka matse shi sosai har ya zama danshi kawai. A kan tsumma ake zuba ruwa, ba a kan na'ura ba. Kuma kada ka dirje fuskar da busasshen tsumma da ƙarfi, don allura za ta bi hannunka ta manne a gefe ta ƙi komawa sifiri. In hakan ta faru kada ka firgita ka ɗauko sukudireba. Ka huro mata hucin bakinka daga waje sau ɗaya, za ka ga ta saki ta koma wurinta.

Na biyu kuwa na batir ne, kuma wannan ka buɗe kunne da kyau saboda garin da za ka. Shekarar da aka haifi ƙanwarka Rabi na tafi Kano jinyar kakarka, na rufe shago wata biyu a tsakiyar damina. Ka san daminar Jos, bango ma zufa yake yi. Na dawo na buɗe bayan mita sai na ga batirin ya kumbura ya yi aman wani farin gari, ƙarfen da ke riƙe shi ya koma kore, ya rube. Kwana uku ina kankarewa, daga ƙarshe sai da na yanko sabon ƙarfe daga gwangwanin madara. Har yanzu yana nan, in ka buɗe za ka gan shi, kuma ka lura da kyawun yankan, don ba kowa zai iya ba. Tun daga ranar, na'urar da za ta yi mako biyu ba a taɓa ta ba, sai na cire mata batir. An ce mini a Fatakwal takalmi ma in ka ajiye shi kwana huɗu fumfuna yake yi. To ka samu kabad mai rufi, ka sa ƙaramin ƙwan lantarki a ƙasansa ya riƙa ci, ɗuminsa zai kori danshi. Sikof ɗin da ba a aiki da shi, ka kunna shi duk mako ya yi awa guda ya sha ɗumi. Na'ura ta fi lalacewa a zaune fiye da a bakin aiki.

Na uku ina jin ka taɓa jin sa a bakin Innarka, don ba ta gajiya da ba da shi, amma ita tana ƙara gishiri. Ga yadda aka yi. Da na sayi sikof ɗina, na ga ramukan shan iskarsa sun toshe da ƙura da saƙar gizo-gizo. Na kashe shi, na zare fulogi, na buɗe nan take na zura hannu da burushi ina waƙa. Na manta kwandensa tana riƙe wuta ko bayan an kashe. Ban san lokacin da na bar kujera ba. Na dai ga kaina a bakin ƙofa, zaune cikin tiren wata mai tallan ƙosai da ta tsaya gaishe ni. Matar ta ce, "Malam Garba, in ƙosai kake so ai sai ka yi magana." Innarka tana cewa wai na yi ta salati da Turanci. Wannan ƙarya ce. Amma hannuna na dama ya yi mako yana rawa, kuma da ta ƙirji wutar ta bi, da ba ni ne nake rubuta maka takarda ba yau. Ka zare fulogi, ka jira, ka sauke wutar kwandensa, ka auna ka tabbata ta sauka, sannan ka sa hannu. Hannu ɗaya a ciki, ɗayan a aljihu. Ko shugaban wurin ne yake tsaye a kanka yana cewa yi sauri, bar shi ya tsaya.

Sai ƙananan abubuwa da ba su da labari mai daɗi amma suna da cizo. Wayoyin gwaji, ja da baƙi, ka riƙa bin su da yatsa daga kai har gindi kana neman tsagewa. Bakinsu in ya yi dauɗa ka goge da sifirit. Na taɓa yanke wa taransifomar rediyon wani headmasta hukuncin mutuwa, na sa ya yi odar sabuwa daga Legas, ashe tsatsa ce a bakin wayata. Lafiyarta ƙalau. Shi ya sa kafin in auna komai nake haɗa bakin wayoyin biyu in ga allura ta tafi inda ya kamata. Makunnin da ake juyawa kuma, kada ka ɗiga masa man keken ɗinki don ya yi tauri. Mai yana kama ƙura ya zama laka. Sifirit kaɗan, ka juya shi sau ashirin, shi ke nan. In za ka ɗauki mita zuwa wani wuri, ka mayar da makunnin kan kashe, ka kwantar da ita, kada ka rataya ta a kan babur tana lilo.

Ka kuma san al'adata ta Asabar ɗin farkon wata, da nake rufe shago har azahar. Maƙwabta suna kiranta ranar wankan mita. Sarkin tsokana na layinmu, tela Ɗanjuma, ya kan leƙo ya ce, "Alhaji, a kawo turare da lalle ne?" Su yi ta dariya. To yanzu da talbijin mai kala ta shigo gari, wa manyan ma'aikata suke kawo wa tasu? Shagon mai wankan mita. Don ni in na ce abu kaza ne ya mutu, shi ne ya mutu. Ka zaɓi ranarka kai ma, kada ka jira sai abu ya lalace. Kowace na'ura ka yi mata kati, ka rubuta ranar da ka duba ta da abin da ka gani. Ka ajiye rizisto guda, ɗan abin nan mai rage ƙarfin wuta, wanda ka san ƙimarsa, ka riƙa gwada su da shi duk wata. Kuma kada ka ce kai mai difloma ne, shara aikin masinja ce. Masinja ya share ƙasa. Na'ura kai za ka share ta da hannunka.

To, mun iso. Na sha ruwa, na gyara zama.

Kana da shekara goma sha uku lokacin. Kai kake taya ni wankan Asabar, kuma wallahi ka fi ni hannu mai sanyi, ko da yake ban taɓa gaya maka ba. Ran nan na bar ka kana goge mitar nan na fita, na dawo na ɗauke ta zan auna, sai allura ta tafi rabi ta tsaya cak. Na ƙwanƙwasa, ta ɗan matsa ta sake tsayawa. Mitar da na yi shekara huɗu ina mafarkinta kafin in mallake ta. Lokacin azahar ta wuce na buɗe, akwai mutane uku a shago. A gabansu na daka maka tsawa na ce hannunka ɓarna yake yi, kada ka ƙara taɓa mini kaya. Ka ce, "Baba, tsumma kawai na sa." Na ce rufe mini baki. Ka ajiye tsumman a kan benci, ka ninke shi tukuna yadda na koya maka, sannan ka fita. Ninkewar nan ta fi komai tsaya mini a rai.

Ran Litinin na kai ta wurin Oga Dung. Ya rufe taga, ya shimfiɗa farar takarda, ya wanke hannu, ya buɗe ta. Ya ɗauki tsinken ashana ya naɗa masa salatif, ya zura a hankali cikin ɗan ramin da ke tsakanin maganaɗisu da abin da ke juya allura. Ya zaro. Baƙin yashi ne manne a jiki, ƙanana kamar garin kwalli. Ya sake zurawa, ya sake zarowa. Sai ya cire tabarau ya ce, "Garba, yaron ka ya je Naraguta?"

Na kama gyara bakin farar takardar da yatsa.

Ya ce, "Na tambaye ka. Shi ya je Naraguta, ko kai?"

Ni na je. Ran Alhamis ɗin makon, an kira ni wani sansanin masu haƙar kuza in duba musu rediyon da suke magana da ofis da shi. Ina cikin aiki fis ɗin mita ya ƙone. Maimakon in haƙura in dawo gida, sai na zauna a kan tudun yashin da ake zubarwa bayan an wanke kuza, na buɗe mitar gaba ɗaya a kan cinyata, iska tana kaɗawa. Sukudirebar ma a cikin yashin na soke ta don kada ta ɓace, na zaro na ci gaba da aiki da ita. Kai ɗan Jos ne, ka san baƙin yashin nan, kun sha wasa da shi da maganaɗisun tsohuwar lasifika, yana tashi tsaye kamar gashi. Ni da na girma a kansa, ni na kai masa maganaɗisu har gida na buɗe masa ƙofa. Kwana biyu yana taruwa a ciki, sai ya tashi kama allura a ranar da mitar take hannunka.

Oga ya gyara ta tsaf, ya ce, "Ka je ka gaya wa yaro." Na ce to. Na hau keke ina shirya maganar a raina. Na iso gida na same ka a zaure kana karatu, ka miƙe ka karɓi keken, ka ce sannu da zuwa. Na amsa na wuce ciki. Kai ɗan fari ne. Yadda aka tashe mu, ko sunanka ba na kamawa, balle in tsaya a gabanka in ce na yi kuskure. Na ce gobe. Goben ce ta kai shekara tara. Na fake da kunyar ɗan fari, amma yau zan faɗi gaskiya: ba kunya ba ce kaɗai, girman kai ne. Na ce mutumin da ya gina shago da hannunsa ba zai ba yaro haƙuri ba.

Duk Kirsimeti in na je gaishe da Oga, kafin matarsa ta kawo shinkafa sai ya ce, "Ka gaya masa?" In ce saura kaɗan. Bara ya ce, "Garba, yashi na mita na cire da ashana. Naka ban san da me zan cire ba." Jiya na je na gaya masa ina rubuta takarda. Tsohon nan ya tashi da sandarsa ya taka rawa a tsakar gida, jikokinsa suna tafi ba su san dalili ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba ka bar sana'ar ba. Na kore ka daga benci, ka tafi ka koyo ta a wurin da ya fi bencina. Da ka yi zuciya ka koma wani abu, da ni na jawo, kuma da ban yafe wa kaina ba.

To ga shi a rubuce, da hannuna, yadda za ka iya nuna wa duk wanda ka ga dama. Ba kai ka ɓata mitar ba. Ni ne. Hannunka bai taɓa yi mini ɓarna ba. Ka yafe mini.

Darasin ciki biyu ne, ka riƙe su tare. Kada ka buɗe cikin na'ura sai a ɗaki mai tsabta, taga a rufe, kayan aiki a goge. Kuma watarana za a sa yara a ƙarƙashinka, abu zai lalace a hannun ɗayansu. Kafin ka buɗe baki, ka tambayi kanka inda na'urar ta kwana shekaranjiya, da wanda ya kai ta.

Yanzu ka buɗe murfin akwatin mitar. Katinta yana ciki, tun daga ranar da na saye ta, ba watan da na tsallake sai na jinyar Kano. Ka duba layin watan nan na shekara tara da suka wuce, inda na rubuta "yaro ya ɓata". Na soke shi da jan biro, na rubuta gaskiya a samansa. Sannan ka duba jikin murfin daga ciki. Na kai wa maƙerin farfaru na kasuwar Katako ya zana suna a ƙarƙashin nawa. Da ya tambaye ni me zai rubuta, sai da na waiwaya na ga ba kowa, sannan na faɗa da bakina.

Ba na neman doguwar amsa, na san kai ma jinina ne, magana irin wannan nauyi take yi mana. Asabar ɗin farkon wata mai zuwa, in ka karɓa, ka yi mata wanka, ka cike layi na gaba a katin da rubutunka. Rizistona na gwaji yana cikin ƙaramar ambulan. Ka auna shi ka aiko mini da abin da allura ta nuna. Lamba kawai ka rubuto, zan gane sauran. Ni ma a ranar zan rufe shago kamar kullum, in goge sikof, in bar gurbin mitar a kan benci yadda yake.

Innarka tana gaishe ka, ta ce yajin da ke cikin gwangwani ba na rabo ba ne. Rabi da sauran ƙannenka suna gaisuwa. Oga Dung ya ce in ka zo hutu ka fara sauka a gidansa, wai yana da labaraina da ban rubuta ba. Kada ka yarda da rabinsu.

Ka riƙe salla a kan lokaci, ka ci abinci, ka kiyayi wuta da ruwan garin nan. Allah Ya tsare ka a fita da shiga, Ya sa albarka a hannunka, Ya dawo mana da kai lafiya. Allah Ya yi maka albarka, Lawal.

Ka ga, na rubuta shi ma.

Ni ne mahaifinka,
Garba Mai Rediyo.